Bonet Mai Ɗumi

Andrawus makanike ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya janye da sauri.

"Malam, yau ma da ɗumi. Kai ka tayar da ita?"

Mijinyawa, mai motar, bai tayar da ita ba. Makullin a aljihunsa ya kwana.

Tun ranar da fitilar gargaɗi ta kama, kwamfutar Andrawus ta nuna inda matsalar take: famfon da ke hura iska cikin salansa don ƙone ragowar mai. Famfon nan kuwa ba ya tashi sai injin ya yi sanyi ƙalau. Ya ɗan yi ƙugi, ya yi shiru, shi ke nan sai gobe. Dole sai Andrawus ya ji shi da kunnensa kafin ya san ko famfon ne ya mutu, ko fiyus, ko bawul ne ya toshe. Shi ya sa yake sammako daga Shadawanka zuwa Yelwa. Amma kullum ya iso, wani ya riga shi.

Mijinyawa ya fara sa ido. Mai yana ɗan raguwa. An matso da kujerar direba gaba. An goge gilashi tas, har da madubai. Lambar mita ba ta motsa ba, amma yaran yanzu me ba su iya cirewa ba?

Makulli na biyu yana wurin Baba, mahaifinsa, cikin jakar carbi. Tun da idon Baba ya rufe ya daina fita masallaci, sai zaman ƙofar ɗaki, yana gane kowace mota a layin daga ƙararta. Mijinyawa ya ga babu ma'ajin da ya fi shi.

Saura mutum ɗaya. Ya'u, ƙanin matarsa Fati, dogon saurayin da ya gama bautar ƙasa ya sauka a gidan yana neman aiki. Kwanan nan ya koyi tuƙi. Kuma duk asuba, in za a tafi masallaci, maganarsa ɗaya ce: "Yaya, yi gaba, ina nan tafe."

Ashe kabu-kabu ake yi da motarsa! Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a ce tsoho makaho ake lallaɓawa ana zare wa makulli.

"Ranar da na kama shi, ranar zai bar gidan nan," ya ce wa Fati.

"In ka kore shi ba hujja, Malam, ka haɗa da ni," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Washegari, liman na sallamewa ya zari takalmi, ko addu'a bai tsaya ba. Tun daga bakin get ya jiyo shi: ƙugi siriri, mai tsawo, sai kuma ɗif. Famfon ƙalau yake, ke nan bawul ne. Amma ba wannan ne a gabansa ba.

Ya laɓe jikin bango, ya zagaya ta bayan motar, ya fizge ƙofar direba. A daidai lokacin ne Ya'u ya shigo get da carbi a hannu, yana dawowa daga masallaci.

Baba ne a kujerar, tsumma a kafaɗa, hannu biyu a kan sitiyari kamar yadda ya saba riƙe na motar asibiti har ya yi ritaya, ya juyo da idanunsa marasa gani ya ce, "Rufe min ƙofa, ɗan nan, ba a fita da mota sai an ɗumama ta."