Tukunyar Duna

Susanna ta zare ƙaya ta ƙarshe daga jikin kifin, ta watsa tsokar a tukunya, ta goge ido da bakin zani. Hayaƙin gawayi ne, ko albasa, ko gajiya, ita kanta ta daina tambaya. Ƙafafunta sun kumbura da tsayuwar aji, ko ruwa ba ta sha ba ta hau girkin kare.

Duna sunansa, baƙin kare ne na ɗanta Felix. Ranar da aikin soja ya ɗauke Felix zuwa gabas, bai yi zancen ɗakinsa ba, bai yi zancen babur ba. Cewa ya yi, "Mama, Duna kawai. In dawo in same shi." Ta amsa da to, ba ta san nauyin da ta ɗauka ba.

Da buhun abincin da ya bari ya ƙare, ta zaga kasuwar Birnin Kebbi ba ta samu irinsa ba. Sai Felix ya koya mata ta waya: shinkafar da ba a goge dusarta ba, da kifi, da kabewa. Ban da gishiri, ban da barkono, ban da mai. Ta bi maganar sau da ƙafa. Shinkafar daga Zauro ake kawo mata, ja-ja da ita, mai cin gawayi kafin ta yi laushi. Kifi kuwa sai na Argungu. Amma fa uwa uwa ce, ba ta iya sauke tukunya salam. Ta samo dabarar da za ta sa girkin ya yi ƙamshi ba tare da ta karya dokar ɗanta ba, Duna kuwa ya riƙa lashe kwano tas.

Mutanen unguwarsu ta Badariya suka samu abin magana. Wai malamar makaranta ta rasa wanda za ta yi wa dahuwa sai kare. Ta toshe kunne. Maƙwabcinta Malam Ikrima ne kaɗai ya tare ta gaba da gaba, shi ma ba kan shinkafa ba.

"Maman Felix, karen ga ya hana mu sakat da haushi. A yi mai magani."

Maganin da ya ambata shi ya tsaya mata a rai, don ba a jima ba haushin ya ɗauke. Duna ya koma kwanciya gindin tulu, yana haki ko tashi bai yi ba. Dasashinsa ya yi fari fat. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Ran nan tana shara ta tsinci guntun ƙashi a jikin katangar da ta raba gidajen biyu. Shi ke nan, zance ya ƙare a wurinta.

Ta fita ba mayafin kirki, ta same shi a ƙofar gida cikin dattawa, ta zazzage masa abin da ke cikinta. Ta ce ya ci amanar maƙwabtaka, ta ce wanda zai ba dabba guba ba abin da ba zai yi ba. Mutumin da ya kama mata kaya ranar da ta tare, wanda matarsa ba ta taɓa tsallake ta da naman layya ba. Malam Ikrima ya naɗe tabarmarsa, ya ce, "Allah na gani," ya shige. Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

Ta kulle Duna a ɗakin Felix. Ba abin da zai ƙara shiga bakinsa sai ta hannunta. Amma ina! Kullum gara jiya da yau. Da ya fara kau da kai daga kwano, ta ƙara wa girkin ƙamshi, ta durƙusa tana ba shi da cokali kamar jinjiri. In Felix ya kira, ta ce, "Yana nan garau, barci yake." Ta ajiye wayar, ƙaryar tana cin ta a rai. Wallahi ta gaji. Ta gaji da girki, da tsoro, da ƙin mutumin da katanga ɗaya ta raba su.

Ranar Asabar da hantsi tana tsakiyar yanke-yanke, babur ya tsaya a ƙofa. Malam Ikrima ne, da wata mata mai jaka a bayansa. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya yi magana, bai ko dube ta ba.

"Wagga Dakta Rauda ce, ɗiyar ƙanwata, likitar dabbobi. Tun Argungu na ɗauko ta. Ta duba shi ta hwaɗi gaskiya, in huta."

Dakta Rauda ta ɗaga leɓen Duna, ta duba idonsa, ta shafa cikinsa. Ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, amma da sauran numfashi, za a gwada. Ta tambayi me yake ci. Susanna ta lissafa mata da ɗan alfahari, shinkafa, kifi, kabewa, ko ƙwayar gishiri babu.

Likitar ta miƙe tsaye. Ta ja hanci, ta bi ƙamshin har bakin murhu, ta buɗe tukunyar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta dubi faranti da wuƙar da ke hannun Susanna.

"Mama, albasa guba ce ga kare, sannu-sannu take cinye mai jini. Tun yaushe kike sa mishi?"

Susanna ta dubi Malam Ikrima da ke tsaye cikin rana, ta dubi hannunta, ta ce: "Tun ranar farko. Da ya daina ci ma, ninkawa na yi."