Harafin Ƙarshe na Sunan Basira

Tun da aka kafa dokar daidaita maki, duk shekarar da mata suka zarce maza a jarrabawar shiga jami'a sai na'ura ta rage musu, ta ƙara wa mazan. Basira ta ci tamanin da takwas, takarda ta fito da sittin da tara, alhali saba'in ake nema a shiga likitanci.

Mahaifinta, Malam Tanimu, ya raka ta ofishin jarrabawa.

"Baba, ai da sauƙi," in ji akawun, yana ɓare gyaɗa. "A goge harafin ƙarshe, ta koma Basir."

A baranda ana kiran "Habib! Jamil!" 'yan mata na amsawa.

Malam Tanimu ya tuna ragon da ya yanka ranar sunanta. Ya juya ya ce su tafi, sai ya tarar ta riga ta ɗauki biro.