Ɗigon Kyandir a Ƙarfen Gado

"Mu tafi, Mama," in ji ta. "Nan ma bai yi ba."

Tun safe take tura mahaifiyarta a keken marasa lafiya, suna duba gidajen kula da tsofaffi a garin Suceava, domin karayar ƙugu ta fi ƙarfin jinyar gida. Wannan gidan har ya fara kwanta mata a rai: miya da zafinta, banɗaki da abin riƙewa, babu zarnin fitsari. Sai ga ɗigon kyandir ya daskare a ƙarfen gado, sabo a kan tsoho.

"Wuta kusa da katifa! Wata rana sai sun ƙone ku ƙurmus."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta kankaro ɗigon da farce, ta daɗe tana murza shi.

"Kin cika bincike, 'yar nan. A asibiti mai ƙyalli ubanki ya cika shi kaɗai, babu wanda ya riƙa masa kyandir a hannu yadda ake yi wa mai barin duniya a al'adarmu." Ta shafa matashin kai. "Nan akwai mai zama da mutum har ƙarshe. Shigo da akwatina."