Daƙiƙa Arba'in na Yagana

Kashi goma sha biyu cikin ɗari. Gumsu ta zuba wa shuɗin layin ido yana rarrafe a fuskar kwamfuta, cikinta na ƙugi, don tun safe ba ta sa komai a baki ba. Bidiyon bikin 'yar Hajiya Ammatullahi take fitarwa, minti tara cif, kuma an yi alkawarin zai hau YouTube kafin la'asar.

A shagon Daniel da ke Dala ƙa'idar ɗaya ce: da zarar bidiyo ya fita an ɗora shi, sai a goge ɗanyen hoton da aka ɗauko, saboda katin kyamarar ɗaya ne tal, gobe kuma akwai wani bikin. Duk abin da bai shiga ba ya tafi ke nan.

Abin da bai shiga ba kuwa Yagana ce, mai girkin biki. Hajiya da bakinta ta ce a sa ta, a rubuta lambar wayarta a ƙasa, don ta yi mata alkawari. Girkin biki sai an gan ki ake kiranki, ita kuwa Yagana wata uku ba wanda ya neme ta sai wannan karon.

Gumsu ce ta riƙe kyamara ranar wushe-wushe, ɗaya daga cikin shagulgulan bikin. Kai, matar nan! Duk inda kyamara ta juya sai ta ɗago daga kan tukunya ta washe baki, gumi na tsiyaya, zani ya sha toka, har da ɗaga ludayi sama. Da farko Gumsu ta haɗa mata daƙiƙa arba'in. Sai Hope mai kwalliyar amare ta leƙo daga shagon kusa, ta gani, ta kama ciki tana kwaikwayon ɗaga ludayin. Daniel ya yi dariya. Gumsu ma ta yi, har ta fi su. Suna juya baya ta cire daƙiƙa arba'in ɗin. Inda matar ta leƙo a gefen wasu hotunan kuma, ta matso da hoton har gefen ya fita.

Kashi hamsin.

"Kin sa mai girkin nan dai ko?" in ji Daniel.

"Hayaƙi ya ɓata wurin, Oga."

Bai ja ba. Gumsu 'yar gidan manya ce, ta san abin da manya ke son gani; ita ta gaya musu haka tun ranar da ta fara aiki. Ya dai tambaye ta ina burabuskon yau, don kullum da kularta take zuwa, su taru su cinye suna santi. Ta ce yau babu.

Kashi tamanin. Maɓallin tsayarwa na nan a ƙasan layin. Ta ɗora hannu a kansa. Dannawa biyu kawai, Yagana ta dawo da ludayinta da lambar wayarta. Wallahi kunyar abin da take yi ta ishe ta. Sai dai muryar Hope na tashi ta bango tana hira da wata amarya, kunyar a sake yin waccan dariyar kuma ta fi wannan ƙarfi. Ta janye hannunta ta cusa shi cikin mayafi.

Ɗari. Ta ɗora bidiyon, ya hau lafiya lau. Daniel ya zare katin ya sa a kyamara, ya goge shi tas yana fito.

Ba a yi minti goma ba aka yi sallama. Yagana ce a bakin ƙofa, ta sha laffayarta ta fita unguwa, tana ƙamshin turaren wuta, da jaka a hannu. Ta gaida Daniel. Ta ce Hajiya ta gaya mata yau abin zai fito, ita kuwa wayarta ƙarama ce, ba ta nuna hoto. Ko za a taimaka ta gani?

Daniel ya kalli Gumsu. Gumsu ta kalli ƙasa. Ya kunna.

Minti tara Yagana na tsaye, an ba ta kujera ta ƙi. Ta ga amarya, ta ga 'yan rawa, ta ga farantan abincinta suna wucewa hannu zuwa hannu. Duk lokacin da hoton ya nufi bayan gida sai ta gyara laffaya ta matso, sai kuma ya yanke ya koma kan amarya. Da rubutun ƙarshe ya hau, ta ɗan jira, ko da saura. Babu.

"Ya yi kyau," ta ce. "Allah ya yi wa hannun da ya yi albarka."

Daniel ya fara kame-kamen ba da haƙuri, ta tare shi. "Ba komai, ɗana. Mai kyamarar ta san aikinta."

Ko sau ɗaya ba ta dubi inda Gumsu take ba. Ta ciro wani abu daga jaka ta ajiye a ƙarshen tebur, nesa da kowa, ta yi sallama ta fita neman keke.

Daniel ya buɗe, ƙamshin burabusko ya cika shagon. Ya juya murfin, ya ga inda ya tsage aka ɗaure da waya.

"Ikon Allah! Gumsu, wannan ai kularki ce."

Kularta ce. Yau ne kaɗai ta manta da ita a gida, shi ya sa mahaifiyarta Yagana ta biyo ta da ita tun daga unguwar Gamboru.