Wanda Ya Ƙi Bi Ta Zaure

An ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya faɗi haka dai bai tsaya ya bayyana wa za a tambaya ba. Injiniya, tun safe nake jin ka kana kiran sunan ɗan akwatin rubutun da ke cikin maɓallin nan daga babban shafi, kwamfuta tana ce maka babu, kai kuma kana cewa ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Maɓallin nan da samfuri, wato shiryayyen tsari, aka gina shi, sunayen kayan cikinsa kuwa shi kaɗai ya san su. Ta hannunsa za ka nema. Ɗan saki linzamin kwamfutar ka ji.

Wani manomi ne saƙo ya iske shi cewa yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, tana kwance a garin da take aure, tana ta kiran sunansa. Mijinta maƙeri ne, ko akuyar garin ta san ƙofarsa. Sai dai shekara ashirin ke nan manomin ya rantse ba zai ƙara kama sunan mutumin nan ba, balle ya taka zaurensa, don bai zo jana'izar mahaifinsu ba. Ya shiga mota, ya sauka, ya miƙe wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Tasalla nake nema." Mai unguwa ya lissafa magidantan da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ba mu da Tasalla. Matar wa ce?" Manomi ya ce shi ba miji ya zo nema ba. Ya tambayi masu shayi, ya tambayi mahauta, ya tambayi ladan. Kowa ya ba shi gaskiya gwargwadon tambayarsa: babu. Kwana uku yana wannan aiki, in rana ta take ya zauna gindin wata katanga mai inuwar darbejiya ya dama furarsa, ƙarar guduma tana damunsa. A na huɗu ya koma gida, ya shaida wa mutanensa cewa garin nan ba su da kirki.

Ran Juma'a yayar tasa ta cika. Da aka kawo shi gaisuwa, ɗan rakiya bai yi shawara da rantsuwarsa ba, ya shigar da shi ta zauren maƙerin. A ciki kowa Tasalla yake cewa, tun daga kan tsohuwar gidan har jikokin da ba su gama iya magana ba. Maƙerin ya nuna masa ɗakin da ta yi jinya. Darbejiyar ce ke leƙowa ta tagar.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da ɗan gari akan ci gari.