Sannu da Zuwan Kakata

Babana ɗan malaman Gwandu ne, ya auri 'yar majema a Kalgo, gidansu suka yafe shi. Sau ɗaya ya kai ni gaida mahaifiyarsa, ina ɗan shekara bakwai.

A bakin rijiyar gari ya dirje mini hannuwa da yashi har suka yi ja, don warin jima ya fita. Ya ce, "Kakarka ce. Za ta kira ka mijinta, ta ce kai mummuna ne. Ka rama, haka ake yi." Tun daga nan nake ta shirya abin da zan rama da shi.

Shi ya tsaya a zaure, ni na shiga. Na iske ta tana kaɗin auduga da mazari, jikoki sun kewaye ta, tana ce wa wani mai ƙaton kai ta sake shi, ana ta dariya. Na durƙusa na faɗi sunan babana. Mazarin ya tsaya. Ta dube ni, ta gyara lulluɓi.

"Sannu da zuwa, baƙo. Ku ba ɗan Kalgo ruwa."

Na shanye, na yi godiya, na fito. Baba ya ce, "Me ta kira ka?" Na gaya masa. Ya kama hannuna ya sunsuna, muka kama hanyar gida.

Yau jikokina sun ce na cika tsokana. Ban taɓa yi wa ɗayansu sannu da zuwa ba.