Ramin Yumɓun Maginiya

Wata maginiyar tukwane da mijinta ya rasu ta rasa ramin yumɓun da ta ci abinci da shi shekara talatin. Abin da ta samu kuwa, malamin jami'a ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarmarta yana neman ilimi. Ga yadda aka yi.

Malamin ya zo kwarin garinsu da ɗalibansa da kwamfuta. A cikinta akwai manhajar da aka ɗura wa sanin ƙwararru, tana koya wa ɗalibai zaɓen wurin gina madatsar ruwan da hukuma za ta yi a garin. Ita ke tambaya, su ke amsawa: wace irin ƙasa, ina dutse, yaya damina. Da ta gama sai ta nuna ramin matar nan, don yumɓu na riƙe ruwa. Suka haƙa ramukan gwaji uku, duk yumɓu. Aka yi wa matar tayin diyya, ta ce ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ba a sayenta da takarda. Aka ƙara, ta juya baya ta ci gaba da cuɗa ƙasarta. Mai unguwa ya ce hukuma ba a ja da ita. Ta ce to, su gina, ita dai za ta zo kallo ranar da ruwan zai sulale ta ƙarƙashi. Sai ta kwance bakin zane ta zube musu farin yashi. Can ƙasan yumɓun akwai zirin yashi mai shan ruwa kamar raƙumi, ramukansu uku duk sun kauce masa, kuma duk garin ita kaɗai ta san ta inda ya bi.

Kwana biyu malamin na sintiri zuwa gidanta. Ran na uku ya ce, "Iya, faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Yanzu ka yi magana, ɗan nan. Zan nuna muku yashin, ramin ma ku ɗauka. Amma duk yumɓun da za ku tono a gindin ginin, mota ta juye mini shi a ƙofar gida, ko dunƙule kar ya ɓata. Sannan wannan akwatin naku mai yawan tambaya, ka ƙara masa guda, ka sa ta a farko: wa ke cin abinci a wurin nan, kun je kun gaishe shi?"

Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.